Dan daudu ya zo asibiti bakina ya mutu: amsa ga wani dalibin likitanci

Assalamu alaikum Anti Dakta, dan Allah a boye sunana. Ni dalibin likitanci ne aji biyar a daya daga cikin jami'o'inmu na Arewa. Kwanaki ina fostin a bangaren marasa lafiya na waje aka turo min wani mutum in dauki bayaninsa kafin ya ga rajistara, wato likitar da ke samanmu, yana shigowa na gane dan daudu ne, daga tafiyarsa da maganarsa har lallen hannunsa. Yace basir ke damunsa, in zai yi bahaya zafi kamar ya mutu, kuma wani ruwa na fita. Wallahi Anti na san akwai tambayoyin da ya kamata in yi amma na kasa, na rubuta basir na mika folda. Da rajistara ta duba shi sai tace ciwon sanyi ne ya kama duburarsa, ta wanke ni tas a gaban 'yan ajinmu, su kuma tun ranar suke tsokanata wai abokinka ya dawo. Ban san yadda ake irin wannan tambayar da Hausa ba, kuma ina tsoron ko taimakon irinsu zunubi ne ko laifi ne a doka, kuma in na sake masa fuska kar a ce nima dan hannu ne. Saura kadan in gama, ina jin kamar ban cancanci aikin ba.

Wa alaikumus salam dana, Allah ya ba da sa'ar karatu.

Bari in fara da rajistarar taku, fadan da ta yi maka a gaban mutane ban ji dadinsa ba, akwai yadda ake gyara dalibi ba sai an tara masa jama'a ba, amma maganar gaskiya a bangaren aiki ita ke da gaskiya kuma gara da ta yi maka yanzu kana aji biyar da a ce sai ranar da kake kai kadai a babban asibitin wata karamar hukuma ba kowa a samanka. Batun wai baka cancanci aikin ba kuma ajiye shi gefe, abinda ba a koya maka ba ne ya kada ka. Ka tuna lakcocin da aka yi muku tun daga aji hudu, sau nawa wani malami ya tsaya yace ga yadda ake tambayar mutum da wa yake kwanciya, da Hausa, ba tare da ya tashi ya fita ba? Ba mu kadai ba ne ma, a 2011 an wallafa wani bincike a mujallar JAMA kan makarantun likitanci na Amurka da Kanada, aka samu cewa duk tsawon karatun, lokacin da ake ware wa lafiyar irin wadannan mutane bai wuce kimanin awa 5 ba, kusan kashi daya cikin uku na makarantun ma ko awa daya basa bayarwa a shekarun da dalibai ke shiga asibiti. To in can da ake maganar a fili haka ne ina ga mu da ko miji da mata ne sai an yi ta kwana-kwana.

Amma akwai wani abu a wasikarka da nake so ka sake dubawa. Kace yana shigowa ka gane. Me ka gane? Ka ga tafiya da lalle, wannan ya gaya maka yadda yake mu'amala da jama'a da watakila sana'arsa, bai gaya maka abinda yake yi a daki ba. Akwai 'yan daudu da sana'ar abinci ce ta rike su a tasha ko gidan biki, suna da mata da 'ya'ya, akwai kuma masu neman maza a cikinsu, ba zaka sani ba sai ka tambaya. Wanda ya fi hatsari gare ka a matsayinka na likita shine daya bangaren, mutumin da zai shigo da shadda da hula zanna da carbi a hannu, matansa biyu, da irin wannan ciwon sak, kai kuma tunda kamanninsa basu tada maka komai ba sai ka rubuta masa maganin basir ya tafi gida ya kai wa matansa. Shi yasa tambayar bata rataya ga kamannin mutum, ga alamar ciwon take rataya. Duk wanda yazo da ruwa ko diwa na fita ta dubura, ko zafi da yawan jin bahaya ba abinda ke fita, ko gyambo ko tsiro a wurin, ana tambayarsa, ko limami ne ko dan daudu. Kuma ka san mutanenmu, duk abinda ya taba wurin nan basir ne, tsagewar fata basir, maruru basir, tsiron da kwayar cutar HPV da ake dauka ta saduwa ke kawowa basir, har kansar hanji an sha kawo ta a makare bayan an shekara ana shan jike-jiken basir. In mara lafiya yace basir ya gaya maka inda ke masa ciwo ne kawai, sauran aikin naka ne.

Yanzu yadda ake yi. Kafin ka bude baki ka duba dakin tukuna, domin rabin matsalar a nan take. Dakunanmu na duba marasa lafiya ka sansu, likita biyu a tebur daya, kofa a bude, masinja na shigowa da folda, dan rakiya a tsaye a kan mara lafiya yana amsa tambayar da ba shi aka yi wa ba, dalibai shida sun jeru a bango. Ba mahalukin da zai gaya maka gaskiya a haka, ko ni ce. Kace wa dan rakiyar dan Allah Malam a dan bamu wuri zan duba shi, ka ja labule, ka rage murya, ka ajiye biro. Ajiye biron nan yana da amfani sosai, mutum in ya ga kana rubuta duk kalmar da ta fito bakinsa sai ya kulle. Ka kira shi Malam wane kamar kowa, in kuma akwai sunan da ya fi so a kira shi da shi ka tambaya ka kira shi da shi, ba abinda zai ragu a jikinka.

Sai ka share fage, ga irin yadda nake cewa: Malam zan yi maka wasu tambayoyi masu dan nauyi, kowa da yazo da irin wannan ciwon sai na yi masa su, saboda maganin ya danganta da amsar, kuma abinda ka gaya min ba zai fita dakin nan ba. Daga nan ka fara da mai sauki, kana da iyali? Yaushe rabonka da saduwa? A 'yan watannin nan da mutum daya ne ko fiye? Sannan ba tare da ka canza murya ko ka dauke ido ba, mata ne, ko maza, ko duka? In yace maza, kar ka yi salati kar ka ja numfashi, kace to, ka wuce ta gaba kamar yace maka yana cin goro, ta ina saduwar take, ta gaba ko ta baya ko ta baki, ana amfani da kwaroron roba, yaushe rabonka da gwajin HIV, wane magani ka sha kafin kazo. Ka lura ban ce ka tambaye shi kai dan luwadi ne ba. Wannan tuhuma ce, amsarta a'a ce kullum, kuma da yawa daga masu yi basu dauki kansu a haka ba. Abinda ya faru da jiki kake tambaya. In ya musa kuma alamu sun nuna, kar ka tsaya ja-in-ja ko kace rantse, kace ba komai, zan baka maganin da zai rufe duk abinda nake zargi, in ka tuna wani abu daga baya ina nan. Sau da yawa a zuwa na biyu suke fada, bayan sun ga na farko ba a tozarta su ba.

Wadannan jimlolin sai ka fade su da bakinka da karfi kafin ranar, ka samu abokinka daya mai hankali ku zauna a hostel shi ya zama mara lafiya kai likita ku yi ta yi har kunyar ta fita. Abinda ya kashe maka baki ranar nan shine baka taba furta kalmomin ba, da Turanci ka karanta su a littafi, a gaban mutum kuma Hausa ake bukata.

Bayan tambaya sai dubawa, da izininsa, da wani ma'aikaci daya a wurin wanda ka yarda da bakinsa, ba ayarin dalibai ba. Ka gaya masa abinda zaka yi kafin ka yi. Ka duba baki da makogwaro, kaluluwar matse-matsi, tafin hannu da tafin kafa saboda kurajen tunjere, sannan wurin da kansa. Kumburin dubura mai fitar da ruwa ga wanda ake saduwa da shi ta baya yawanci gonoriya ce ko kilamidiya, wani lokacin tunjere ko hapis, kuma tunda mafi yawan asibitocinmu ba kayan gwajin da zai bambance su a ranar, ana hada allurar seftiriyazon da kwayar doksisaikilin na kwana 7, in akwai jini da gyambo ana zargin irin kilamidiyar nan mai tsanani sai a kai kwana 21, yawan allurar ka duba ka'idar da asibitinku ke bi domin an sha canza ta. Kuma kusan duk wanda zai zo maka ya riga ya bi ta kemis ya sha maganin kashe kwayoyin cuta irin su sifro ko amfikulos, gonoriya kuwa ta dade da daina jin sifro a yawancin duniya, shi yasa zai ce maka ya sha magani ya lafa ya dawo.

Kar ya fita ba a yi masa tayin gwajin HIV da tunjere da ciwon hanta nau'in B ba. Ga dalili: babban binciken kasa na 2018 da ake kira NAIIS ya nuna kashi 1.4 cikin dari na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 ke dauke da HIV, amma binciken da gwamnati ke yi kan rukunonin da suka fi shiga hatsari ya nuna a tsakanin maza masu neman maza kashi 13.5 ne a 2007, ya hau 17.2 a 2010, ya kai 22.9 a 2014, na 2020 kuma ya nuna kusan mutum daya cikin hudu. Na sauran jama'a yana sauka nasu yana hawa, kuma da yawansu suna da mata a gida ko za a yi musu aure, to duk wanda ka kora da kallon banza ba shi kadai ka kora ba. In gwaji ya nuna yana da ita a hada shi da kilinik din masu karbar magani a fara ba bata lokaci, ka gaya masa wanda ke shan maganinsa har kwayar ta daina nunawa a gwajin jini baya yada ta ta hanyar saduwa, wannan maganar kadai tana tsayar da mutane a kan magani. In bashi da ita akwai PrEP na kariya kafin a hadu da cutar a inda ake samu, akwai kuma PEP na kariya bayan an hadu da ita da ake farawa cikin awa 72 bayan abin ya faru a sha kwana 28, sai rigakafin ciwon hanta in bai kamu ba. Maganar matarsa kuma a hankali ake bi, ba kai zaka kira ta ba, shi zaka nuna wa cewa in ba a yi mata magani ba ciwon zai dawo masa kuma zai iya hana ta haihuwa, ana iya yi mata magani a matsayin sanyi ba tare da an bude yadda aka yi ya samo ba.

Wani abin da dalibai basa tunawa su tambaya shine abinda mutum ke sha don canza jikinsa. Wasu daga cikin 'yan daudu da masu jin kansu mata suna sayen kwayoyin tsarin iyali a kemis su yi ta sha don kirji ya fito, wasu sha-ka-fashe don mazaunai, wanda yawanci deksametazon ne a ciki, ga man bilicin mai sitiroyid. Kwayar tsarin iyali mai istirojin in aka sha ba ka'ida tana iya daskarar da jini a jijiyar kafa ya tafi huhu, balle ga mai shan taba, deksa kuma ka san aikinta, suga, hawan jini, kumburin fuska, kuma wanda ya dade yana sha ba a ce masa ya daina rana daya, a hankali ake janyewa in ba haka ba ya fadi. In baka tambaya ba zaka yi ta neman dalilin hawan jinin dan shekara ashirin da biyar baka samu ba. Ka kuma tambayi barcinsa da walwalarsa, da ko yana shan tiramol ko kodin, da ko ya taba tunanin kashe kansa, kai tsaye ake tambayar wannan kuma tambayar bata sa mutum ya aikata. Mutumin da gidansu suka kore shi ko wani ke karbar masa kudi da barazanar tona masa asiri, ciwon da ya kawo shi asibiti wani lokacin shine karamin abinda ke damunsa.

Mata ma suna nan, sai dai su ba a ganinsu saboda yawanci da aurensu. Macen da ke neman mata tana bukatar gwajin bakin mahaifa kamar kowace mace, kar wani ya ce maka tunda ba namiji ba komai, HPV ta fata da fata ma tana wucewa.

Sannan kar ka hada duk wannan da mata-maza, wanda halitta ce aka haifi mutum da ita kuma zaka gamu da su a bangaren yara da tiyata. Malamanmu na fikihu sun dade da sanin su, babin gado na littafin Muhtasar da hukuncin khunsa, wato mata-maza, ya rufe. Abinda nake so ka rike a nan guda daya ne, jaririn da aka haifa ba a gane mace ne ko namiji ba, musamman in an laluba ba a ji 'ya'yan maraina ba, ka zargi matsalar nan ta halittar adirenal da ake kira CAH, domin a sati na biyu zuwa na uku gishirin jikinsa na iya zubewa ya fara amai ya bushe ya mutu ana can ana gardamar rago daya za a yanka ko biyu. Ka ce wa iyaye a dakata da yanke hukunci sai an yi gwaji, kuma ka hana a mayar da jaririn abin kallo a wod.

To batun doka. Gaskiya ne akwai dokar hana auren jinsi da shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Janairun 2014, daurin shekara 14 ga wadanda suka kulla auren, shekara 10 ga masu kafa kungiyoyinsu ko mara musu baya ko nuna soyayyar a bainar jama'a, ga kuma dokokin shari'a a jihohi 12 na Arewa da suka haramta luwadi da madigo. Amma ka nemi dokar ta 2014 ka karanta da kanka, gajera ce, babu inda tace likita ya kai rahoton mara lafiyarsa, babu inda tace yi masa magani laifi ne. Gwamnatin da ta yi dokar ita ce kuma hukumarta ta yaki da HIV, NACA, ta sa maza masu neman maza cikin rukunin da shirin yaki da HIV na kasa ke bi da gwaji da magani. Dokar da ta hau kanka kai tsaye ita ce dokar lafiya ta kasa ta 2014, sashe na 26, wadda tace bayanin mara lafiya sirri ne, ba a fitar da shi sai da rubutaccen izininsa ko umarnin kotu ko inda wata doka ta wajabta ko in boyewar babbar barazana ce ga lafiyar jama'a. Wato ranar da ka ba da labarinsa a kantin makaranta ana dariya, ranar ce ka taka doka, kuma majalisar MDCN da zata baka lasisi tana hukunta likita a kan haka. Rantsuwar Janiba da likitocin duniya ke yi ma ta ambaci jinsin da mutum ke sha'awa da suna cikin abubuwan da ba zasu shiga tsakaninka da mara lafiya ba, tare da addini da kabila da siyasa.

Tsoron da ke cikinsu kuma ba na banza bane. Wani bincike da aka yi a Abuja aka wallafa a mujallar Lancet HIV a 2015 ya bi irin wadannan maza kafin dokar da bayanta, masu cewa suna tsoron zuwa asibiti suka tashi daga kashi 25 zuwa 38 cikin dari. Mutumin da ka gani ranar nan sai da ya sha jike-jike da kwayoyin kemis suka ki, ciwo ya ci karfinsa, sannan ya daure ya zauna a layi ana kallonsa ana zunde. Saboda haka ka kula da abinda kake rubutawa a folda, domin foldar asibitinmu hannu nawa take bi, mai kati, masinja, nas, mai bada magani, wani lokacin ma dan rakiya ake mika wa ya kai dakin gwaji yana tafe yana karantawa. Ka rubuta abinda likita na gaba ke bukata don ya yi magani daidai, a takaice da harshen aiki, kalmar dan daudu ko dan luwadi bata da gurbi a folda.

Wata rana kuma kana bakin aiki za a kawo maka wani da ankwa ace ka duba duburarsa ka rubuta ko yana luwadi. Ka sani tun yanzu cewa babu wani dubawa da ke tabbatar da haka, maganar wai wurin yana saki ko yana canza siffa ba ilimi bane, kuma kungiyar likitoci ta duniya ta fitar da matsaya a 2017 cewa likita kar ya sa hannu a irin wannan duba na tilas. Ka kira na samanka, kace ba abinda ilimin likita zai iya tabbatarwa a nan. Haka in uba ya kawo dansa yace a yi masa allurar da zata mayar da shi cikakken namiji, babu wannan allurar, testostiron ba ya canza wanda mutum ke sha'awa, illa kawai zai yi masa, kuma hukumar lafiya ta duniya ta cire sha'awar jinsi daya daga jerin cututtuka tun 1990. Ka zaunar da uban ka saurare shi, shima a rude yake, amma kar ka sayar masa da abinda babu.

Inda maganar sirri take canzawa shine yaro. Yaron da aka kawo da rauni ko ciwon sanyi a dubura, dan makarantar allo ne ko na boko ko yaron shago, wannan fyade ne aka yi masa, ba ruwansa da duk abinda muka fada a sama. A nan ba a shiru, ka sanar da kwansultan, wato babban likitan bangaren, nan take, a rubuta abinda aka gani dalla-dalla, a fara PEP in ba a wuce awa 72 ba, a hada da ma'aikatan walwala da cibiyar kula da wadanda aka yi wa fyade in akwai a garin. Babban mutum ma ana yi masa fyade kuma kunya ke hana shi fada, shi yasa cikin tambayoyinka ka sa da yardarka ne ko tilasta maka aka yi.

Batun zunubi, ni ba malama bace kuma ba zan ce ka canza abinda ka yi imani da shi ba, ba wanda ya nemi haka daga gare ka. Amma ka je ka tambayi malamin da ka yarda da iliminsa, shin yi wa mai sabo magani haramun ne? Kai da kanka a dakin hatsari ka dinke dan daba da aka sara, ka sa wa wanda ya sha ya bugu ya fadi a babur ruwa, baka tsaya tambayar ko ka zama abokin tarayyarsu ba. Me yasa sai a nan zuciyarka ta tsaya? Ni a ganina kyama ce da tsoron bakin mutane suke shigowa da rigar addini, domin addinin da na sani shine wanda ya hana bin diddigin asirin mutane a Suratul Hujurat, kuma Annabi (SAW) yace wanda ya rufa asirin musulmi Allah zai rufa nasa duniya da lahira. Wa'azi kuma ba a kan gadon dubawa ake yinsa ba mutum na kwance wandonsa a gwiwa, ya ji wa'azin a masallaci da rediyo da gidansu, abinda bai samu ba shine wanda zai duba shi da kyau. In ka yi masa wa'azi a nan ba zai dawo karbar sakamakon gwajinsa ba, shikenan abinda zai faru.

'Yan ajinku kuma kyale su, yawancinsu da su aka tura wa mutumin da abinda ka yi zasu yi ko mafi muni, dariyar ta boye nasu tsoron ce. In suka ce abokinka ya dawo kace eh mara lafiyata ne, ka ci gaba da abinda kake, in ba ka nuna ya dame ka ba sati biyu ya ishe su gajiya. Abinda ba zaka yi ba shine ka shiga cikinsu ana kwaikwayon tafiyarsa don ka wanke kanka. Kuma maganar za a ce kai dan hannu ne, dana in dai wannan aikin zaka yi za a ce maka abubuwa da yawa, likitan mata namiji an ce masa mai son kallon matan mutane, mai aiki a kilinik din HIV an ce shima yana da ita, ba wanda ya fasa karbar albashinsa.

Ka koma wurin rajistarar nan ita kadai, ba lokacin da take tsakiyar layi ba, kace mata kana so ka zauna kusa da ita ranar da zata dauki irin wannan bayanin ka ji yadda take yi, wadda ta gano ciwon cikin 'yan mintuna ta iya tambayar kuma zata ji dadi ka nema. Ka kuma roki a barka ka yi ko sati daya a kilinik din masu karbar maganin HIV na asibitinku, ka zauna da masu ba da shawara na wurin, yawancinsu ba likitoci bane amma sun fi mu iya wannan hirar nesa ba kusa ba. Shi kuma mutumin naka, ka tambaye ta ko an yi masa gwajin HIV da tunjere da na hanta kuma yaushe aka ce ya dawo, in ranar ta zo kana nan ka nemi a baka shi ka sake daukar bayanin tun daga farko.